Ranar da Na Kankare Ƙyallin Kekena

Shekarun baya masu nisa, tun garin nan namu na Suleja yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni, na taɓa sayen wani keke wanda har yau in na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi. Jiya wani daga cikinku ya tambaya a wannan dandali namu yadda ake cire farin ƙyallin kayan keke idan ya fara ɓarewa, na fara rubuta masa amsa, sai na ga hannuna ya tsaya. Na ce bari dai in ba ku labarin gaba ɗaya.

Wajen tsakiyar shekarun saba'in ne. Ina malamin firamare, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, shekaruna ashirin da uku. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin. Farar riga mai guga, biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Duk abin da aka faɗa a majalisa sai na kawo masa bayanin kimiyya, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Ni da mahaifiyata kaɗai muka rage a gida. Ƙannena mata sun yi aure, mahaifinmu ya rasu. Ina da wa guda ɗaya, amma ya ɓata tun ina ɗan shekara goma. Wata safiya da damina ya fita a kan kekensa, bai dawo ba. An bi hanyar Kaduna ana cigiya, an aika Zariya, an aika Kano, babu shi babu labarinsa. Tun ana zancen har aka daina, gidanmu ya koyi yadda ake kewaye maganar kamar yadda ake kewaye rami a hanya.

A kasuwar Madalla na ga keken. Baƙin fenti ne sabo, amma kansa da hannayen birki da ƙarfen feda da sandar sirdi duk walƙiya suke kamar madubi. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ji kamar ban ɗauki komai ba. Dillalin ya dube ni, ya dubi biron aljihuna, ya ce, "Malam, wannan ba na ɗaukar buhun dawa ba ne. Na masu ilmi ne." Da wannan maganar ya gama da ni.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙirarsa ta yi kama da keken yayana, wanda wani Bature mai awon ƙasa da ya yi wa aiki ya bar masa da zai koma gida. Amma na yayana kore ne, kayan jikinsa kuwa fari ne dishi-dishi, babu wani ƙyalli. Ban kawo komai a raina ba. Na ce ai kamfani ba guda ɗaya yake ƙerawa ba.

Da la'asar na iso gida. Na sauka a ƙofar zaure na turo shi ciki, ƙafar baya tana wannan ƙara da keke ke yi in ba a taka feda, ƙas-ƙas-ƙas, sai ta ɗan tsallake ɗaya, ta ci gaba. Kafin in fita daga zaure na ji muryar mahaifiyata daga tsakar gida, wata irin murya da ban san ta da ita ba.

"Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Na leƙa na gan ta tsaye da rariya a hannu, gari yana zuba a ƙasa ba a cikin ƙwarya ba, ita kuwa ba ta sani ba. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo, kamar akwai wani da zai biyo ni. Ta daɗe a haka. Sannan ta dubi keken, ta ce, "Allah ya sa alheri. Amma ka bar shi nan zaure, kada ka shigo mini da shi."

Na yi dariya, na ce tsofaffi da tsoron sabon abu.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara faruwa, waɗanda ko wanne shi kaɗai bai isa a faɗa ba. Sau uku a cikin wata guda mahaifiyata tana zuba tuwon rana kwano uku, alhali mu biyu ne. In na ce, "Inna, baƙo za mu yi?" sai ta dubi kwanon kamar ba ita ta zuba ba, ta ce in miƙa wa maƙwabta. Wata rana kuma na wuce ta gaban wani tsohon tela a bakin kasuwa, ya ɗaga hannu ya kira ni da sunan yayana, da fara'arsa, har da cewa kwana biyu. Da na tsaya ya dube ni da kyau, sai fara'ar ta gushe, ya ce in yi haƙuri, ido ne ya tsufa.

Shi ma keken yana da halinsa. In na saki hannu sai ya ja hagu. A hanyar makarantarmu akwai wani gangare da ke sauka zuwa ɗan rafi, to a nan ne jan ya fi ƙarfi, sai na riƙe da gaske. Na gaya wa kaina hanya ce ta karkace.

Da ruwan farko ya sauka, ƙyallin ya fara tona wa kansa asiri. Ya fara kumbura kamar ƙuraje, sannan ya dinga fashewa yana tashi siriri-siriri mai kaifi. Wata safiya na isa aji tafin hannuna duk yanka, na riƙe alli ya koma ja. Da aka tashi na wuce wurin abokina, mai gyaran keke ne a gindin wani mangwaro kusa da tasha. Tare muka yi makarantar allo, shi ya sa ba ya jin nauyin gaya mini gaskiya.

Ya kankara da farce, ya ce, "Malam, an sayar maka da kwalliya. Wannan farin ruwan shi ake kira kurom. A jikin baƙin ƙarfe yana zama, amma kayan nan naka alminiyon ne, ba sa shiri. Daga baya aka zuba masa. Ko dai ka cire shi duka, ko kullum ka sha yanka."

Muka shiga kwance kayan ɗaya bayan ɗaya. Sandar sirdi ta ƙi fita, sai da ya ɗiga mata kananzir muka murɗa mu biyu. Da ta fito, ya kifa keken don ya duba cikin bututun, sai wani abu ya zubo masa a ƙafa. Yashi ne, lallausan farin yashi irin na bakin kogi, da busasshen laka, da 'yan ƙananan ɓawon dodon-koɗi guda biyu da ba su kai ƙwayar masara ba.

Ya tsuguna ya ɗebo a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Keken nan ya kwana a ƙarƙashin ruwa."

Na ce, "Ko dai an wanke shi a rafi."

Ya ce, "Wanki ba ya sa dodon-koɗi a ciki." Ya kakkaɓe hannunsa a jikin wando.

A nan ne ilmin nawa ya motsa. Na taɓa ganin yadda sodar da mata ke yin sabulu da ita take cinye fenti a jikin gwangwani. Na ce da abokina ai aiki ya zo da sauƙi, mu jiƙa kayan a ruwan soda, ƙyallin zai saki da kansa. Ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Na ce ai shi ya sa ake zuwa makaranta. Allah ya taimake ni ya nace sai mun fara gwadawa da abu guda, muka zaɓi hannun birkin hagu.

Ranar Asabar da hantsi muka dama soda mai kauri a tsohuwar tasa a bayan rumfarsa, na jefa hannun birkin. Da farko shiru. Can sai ruwan ya fara huci kamar an taka wutsiyar kumurci. Kumfa ta taso, tasar ta ɗauki zafi ba tare da wuta ba, wani tururi mai shaƙe maƙogwaro ya tashi har muka ja da baya muna tari. Ruwan ya rine ya koma baƙi-baƙi. Na ce, "Ka gani? Yana aiki." Muka bar shi, muka tafi harkokinmu.

Bayan sallar la'asar muka dawo. Ruwan ya lafa. Na sa kara na tsamo shi. Ga hannun birki nan yadda yake, da lanƙwasarsa da komai, yana walƙiya fiye da dā. Sai dai karan bai ko ranƙwafa ba. Na ɗauraye shi na ɗora a tafin hannu, na ji kamar na ɗora ganye. Na ɗan matsa da yatsa, sai ya rufta. Babu komai a ciki. Sodar ta bi ta tsagogin ta cinye alminiyon ɗin, ta bar fatar ƙyallin tsaye, kamar saɓar maciji.

Abokina ya ce, "A'uzu billahi. Jiki ya tafi ya bar riga."

Ban san dalili ba, maganar ta tsaya mini a ƙirji. Rana tana nan, mutane na ta hada-hada a tasha, amma na ji sanyi ya ratsa ni. To, mai tambaya, ga rabin amsarka nan: kada ka kusanto da soda kusa da alminiyon.

Washegari na kai ƙarar kaina wurin wani dattijo da ke narka alminiyon yana zuba tukwane a bayan kasuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, kura ka ba ajiyar akuya. Wannan aikin ba shi da gajeriyar hanya. Ka sa reza ka ɗaga inda ya riga ya saki. Inda ya kama, ka bi shi da sanfefa, takardar nan ta guga, mai kaushi, kana jiƙawa da kananzir. In ka ga ja ya fito kada ka tsorata, jan ƙarfe ne da suke shimfiɗawa kafin farin. Ka wuce shi, ka koma mai laushi, ka ƙarasa da toka da tsumma. Kuma ka bi a hankali, goran ruwan nan da kuke kira alminiyon nama ne, ba ƙashi ba."

Lokacin an yi hutun makaranta, sai na mai da zauren gidanmu wurin aiki. Kullum bayan karin kumallo in shimfiɗa buhu in zauna. Aiki ne mai cin rai. Farin yana tashi kaɗan-kaɗan, ja ya bayyana a ƙarƙashinsa kamar an feɗe fata. Ko da an gargaɗe ni, ranar farko da na ga jan nan sai da na ajiye na fita shan iska. In ka ci gaba da gogawa jan ya tafi, sai ainihin alminiyon ɗin ya fito, fari dishi-dishi. Da na gama ƙarfen feda na ɗaga shi a haske, sai na ji kamar na san wannan launin a wani wuri. Na kau da tunanin.

Kan keken na bari a ƙarshe. Rana ta shida, da hantsi, ina goga tsakiyarsa, daidai inda mai tuƙi ke kallo in ya sunkuya, sai na lura jan ya tafi ko'ina amma ya maƙale a wasu 'yan ɗigo-ɗigo. Na ƙara gogawa, suna nan. Ramuka ne ƙanana, irin waɗanda ake yi da ƙusa da guduma, jan ƙarfen ya cike su. Na share da tsumma, na matsa bakin ƙofa wurin haske. Ɗigon ba a warwatse suke ba. Layi suka yi, daga dama zuwa hagu. Ajami ne.

Na karanta kalmar farko, na ga sunan yayana. Na ce a raina masu wannan suna sun fi a ƙirga. Na goge gaba, kalma ta biyu ta fito. Sunan mahaifinmu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ina jin kukan kaji a tsakar gida, ina jin mai tallan ƙosai a waje, amma kamar daga cikin rijiya suke zuwa. Abin da ya fara zo mini shi ne in ɓoye. Na jawo tsumma na fara naɗe wurin. Ina ɗagowa na ga mahaifiyata tsaye a ƙofar zaure ta ciki. Ban ji tahowarta ba.

Ta ce, "Kwance."

Na ce, "Inna, ba komai ba ne, tsatsa ce."

Ta ce, "Na ce ka kwance."

Na kwance. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa yatsa ta bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Ta juya ta shiga ɗaki. Na ji ta buɗe adakarta. Ta dawo da wani ƙaramin kofin alminiyon da ban ƙara gani ba tun ina yaro, ta kifa shi kusa da kan keken. A gindinsa akwai rubutu iri ɗaya, hannu ɗaya, har da yadda harafin ƙarshe ya ɗan zame ƙasa.

Ta zauna a kan buhun nan mai kananzir, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Tun ranar da ka turo shi na sani. Shekara biyu ina jin ƙarar nan kullum a ƙofar gida, yaya za a yi in manta? Tsoro ne ya hana ni magana."

Na ce, "Tsoron me, Inna?"

Sai ta gaya mini abin da ko mahaifinmu bai sani ba har ya koma ga Allah. Ta ce ranar da yayana ya fita, da sassafe yana fito da keken ya ture mata randa ta fashe. Randar da mahaifiyarta ta ba ta ce ranar da aka kawo ta gidan nan. Ranta ya ɓaci, ta ce masa, "Fita, da kai da keken naka, kada idona ya sake ganinku." Ya tsince guntattakin randar ya zubar, ya share wurin, ya fita.

Ta ce, "Bakina ne ya bi shi. Shekara goma sha uku ina kwana da wannan ina tashi da shi. Ga keken ya dawo, shi bai dawo ba." Ta dube ni, idonta a bushe. "Ka bi sawunsa. In yayanka na raye, ka ce masa ya zo. In ba ya raye, in sani."

Ranar kasuwa muka tafi Madalla ni da abokina. Da dillalin ya ga rubutun sai ya zaci 'yan sanda za mu kira. Ya rantse ya maya cewa ba na sata ba ne. Ya ce a wani ƙauye can gaba da Gawu ya gan shi, rataye a rufin wata bukka, ƙura ta rufe shi. Tsohon gidan ya ƙi sayarwa, ya ce ajiya ce. Ɗansa ne ya faki ido ya sayar masa. Da shi dillalin ya ga jikin keken duk tabo, sai ya ba wani direba ya kai Kaduna aka yi masa fenti aka zuba masa kurom don ya yi kasuwa. Ya kwatanta mana ƙauyen.

Abokina ya mayar da kayan jikin keken, ya ɗaura mini wani tsohon hannun birki na baƙin ƙarfe a madadin wanda ilmina ya cinye. Muka ɗora kekunanmu a bayan mota zuwa Gawu, daga nan muka kama 'yar siririyar hanya. Dawa ta yi tsayi ta rufe mu hagu da dama. Rana tsaka ce, ko tsuntsu ba ya kuka, sai ƙarar ƙafar bayan keken kawai. Muka sauka wani gangare zuwa wani rafi. Ruwan bai wuce idon sawu ba, yana tafiya a kan farin yashi. Abokina ya tsaya ya dubi yashin, ya dube ni.

Muna haurawa muka ɓullo bakin wata gonar doya. Wani dattijo yana sunkuye yana gyaran kunya. Ina gaba, na sauka na yi sallama. Ya ɗago. Fartanyar ta suɓuce daga hannunsa. Ya fara ja da baya, yana taka kunyoyin da ya gyara, bakinsa na motsi cikin harshen Gbagyi. Ya dubi keken, ya dubi fuskata, ya sake duban keken. Sannan ya nuna ni da yatsa, ya ce da Hausa, "Kai. Ai na binne ka. Da hannuna na binne ka."

Wallahi a wannan lokacin ni kaina sai da na dubi hannuwana.

Abokina yana jin harshensu kaɗan-kaɗan, shi ya yi ta lallashinsa yana cewa ƙane ne, ƙanensa ne. Da ƙyar dattijon ya matso. Ya kama damtsena ya matsa, ya ji ɗumi, sannan ya sauke numfashi ya zauna a kan kunya. Ya ce fuska ɗaya, tsawo ɗaya. Sai a lokacin na lissafa: shekarun yayana ashirin da uku ranar da ya fita.

Ya kai mu gidansa, matarsa ta kawo ruwa. Maginiyar tukwane ce, ga su nan a kife a tsakar gida suna shan iska. Ita ma da ta gan ni sai da ta dafa bango. Su biyu suka ba mu labarin, abokina na cike inda Hausa ta gaza.

Matar ta ce ta tuna yayana sarai. Ya zo da hantsi, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce an gaya masa duk yankin babu mai gina randa kamarta. Ya ƙi ta farko, ya ƙi ta biyu, yana ƙwanƙwasa kowacce da yatsa yana saurare. Ya ce ta mahaifiyarsa ce, kuma so yake ta fi wadda ta fashe. Ta ɗauko masa wadda ta ajiye wa kanta. Hadari ya haɗo, an yi ruwa a can sama tun asuba. Suka ce ya jira, rafin nan ba shi da amana. Ya ce a'a, so yake ya isa gida kafin magariba a zuba ruwa a ciki. Ya ɗaure randar a bayan keken da igiya, ya tafi yana turawa.

Sai bayan kwana biyu da ruwa ya janye, dattijon ya same shi a can ƙasa, saiwar wata bishiya ta tare shi. Keken yana gaba kaɗan, yashi ya binne rabinsa. Ba su tambaye shi garinsu ba, ba su iya karanta rubutun ba. Sun gaya wa mai gari, an yi shela a kasuwar Gawu, babu wanda ya zo. Mu kuwa a lokacin muna can muna cigiya a hanyar Kaduna. Da suka ga carbi a aljihunsa sai suka kira wasu Fulani da suka kafa ruga kusa, suka yi masa wanka da salla, suka nuna yadda za a fuskantar da shi gabas.

Dattijon ya ce, "Na rataye keken, na ce wata rana mai shi zai zo. Da ɗan nan nawa ya sayar da shi, wata guda ban yi masa magana ba." Ya shiga bukka ya fito da wani abu a hannu. Wuyan randa ne, zagaye, da guntuwar igiya da ta ruɓe a ɗaure. Shi kaɗai ya rage a bayan keken.

Kabarin yana gindin wata ɗorawa a gefen gonarsa, an kewaye shi da duwatsu. Babu ciyawa ko ɗaya a kai. Ya ce duk shekara in ya zo noma da nan yake farawa.

Da na koma gida ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na ajiye wuyan randar a gaban mahaifiyata na faɗi abin da maginiyar ta ce, kalma da kalma. Ta ɗauka ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ta ce, "Ashe ba fushi ya yi ba." Ta sake cewa, "Ashe ba fushi ya yi ba." Sannan kukan da ta riƙe shekara goma sha uku ya ƙwace mata, har maƙwabta suka shigo.

Bayan mako guda na kai ta. Ta taka hanyar nan da ƙafarta, ta ƙi a goya ta a keke. A bakin rafin ta tsaya ta daɗe, sannan ta tattare zane ta haye. Da muka isa gindin ɗorawar ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu. Sai na ji ta kira sunansa. Kun san ɗan fari ne, uwa ba ta faɗin sunansa, tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Sau uku ta kira, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Ta ce, "Saƙonka ya iso. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Daga baya ita da maginiyar suka zauna a inuwa. Wannan ba ta jin harshen waccan sosai, amma sun fi awa guda riƙe da hannun juna. Har mahaifiyata ta rasu, duk kaka sai ta aika musu da goro da gishiri da turmin atamfa, su kuma su aiko da doya.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Malamin kimiyyar da ke cikina ya samo wa kusan komai bayani. Tsallaken ƙarar nan, haƙori ɗaya ne ya karye a cikin gindin sarƙa. Jan hagu, ruwa ne ya bugi ƙafar gaba da dutse ta lanƙwashe. Tela da dattijo kuwa, jini suka gani. Amma yadda aka yi keken ya bar rufin bukka, ya je Kaduna ya sake kama, ya zo Madalla ya jira, duk masu wucewa suka wuce shi sai ni, wannan na daina neman bayaninsa. Abin da na koya shi ne in rage saurin yi wa tsofaffi dariya, kuma in kiyayi abin da zan gaya wa mutum a bakin ƙofa lokacin da zai fita, don ban san ko ita ce maganar da za ta zauna ba.

Yanzu na haura saba'in. Gemuna ya yi fari fat, gwiwa ta ƙi, ina da jikokin da suka girme wa yayana. Shi yana nan a ashirin da uku, bai ƙara ko kwana ɗaya ba. Amma duk sanda na ɗaga hannu bayan salla na zo kansa, har yau "Yaya" nake cewa, kuma har yau in na faɗa sai in ji ni ne ƙarami.